Ranar da Jarumin Nura Ya Tsaya Cak

Tsafe,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yayana Tukur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Zulai da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin Ikko da hayaniyarta, Ya sa albarka a neman da kake yi. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo, sai dai gonar nesa ba mai iya zuwa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita barka da suna. 'Yar'uwarmu Rahama ta yaye ɗanta, ni kuma ina nan ina fama da keken ɗinkina. Ka san tun da aka rufe layukan waya a jihar nan mun koma zamanin saƙon baka da takarda. Da na so, da na bi mota zuwa Funtuwa na kira ka kamar yadda mutane suke yi, amma na san halinka, ba za ka bar ni in kai aya ba. Takarda kuwa ba a katse ta.

Yaya, a kan ƙaninka Nura zan yi maka magana. Kafin gabanka ya faɗi, yana raye, yana ci yana sha. Amma hannunsa na dama ya lalace, kuma yana shirin komawa inda aka lalata shi saboda kai. Ya hana kowa ya gaya maka, har ya sa Rahama rantsuwa. Ni ban rantse ba.

Ka fi ni sanin wasan nan naku na waya, na jarumai masu tashi sama da alkyabba. Ni a bakin keke na koye shi, don kullum a ɗakina yake zama saboda soket ɗina ne mai kyau. Na san naka jarumin shi ne mai jifa da tsawa, nasa kuma mai hannun ƙarfe da garkuwa, wanda aikinsa ya tsare maka baya. Da kuna buga mataki mai sauƙi, wanda daga baya kuka raina kuka ce na 'yan yaye ne, dariya nake ji a ɗakin nan. Tun da kuka hau na can sama, wanda kuka sa wa suna Ba Sani Ba Sabo, dariya ta ƙare. Na sha leƙawa in ga dodanni suna fitowa ta ko'ina kamar an taɓa gidan tururuwa, ana fille kawuna, ana rushe benaye a kan mutane, wani ƙato yana kama jarumi ta ƙafa yana maka shi da ƙasa har allon ya yi ja. Nura ya yi mini bayani cewa a wannan matakin wanda ya faɗi ba ya tashi, kuma in ɗaya ya faɗi ku duka biyu kun koma farko, sai wata Asabar ɗin. Na taɓa yi masa tsiya na ce namiji da gemunsa yana gumi a kan ɗan tsana. Ya ce in bar shi, ai nan ne kawai yake jin Yaya Tukur ya kira sunansa. Ban sake tsokanarsa ba daga ranar.

Da aka ɗauke sabis, kun riga kun kai ƙofar babban dodon ƙarshe. Kai ka aiko Lukuman direba ya ce masa ko ta halin ƙaƙa ya nemo sabis ran Asabar da la'asar. Kai a can magana ce mai sauƙi. Nan kuwa akwai wani dutse a bayan wani ƙauye, can gaba da 'Yandoto, inda aka ce in mutum ya hau ƙololuwa ya ɗaga hannu yana ɗan kama sabis daga jihohi makwabta. Abin da ba ka sani ba shi ne, a yanzu duk wanda aka gani a kan tudu da waya a hannu, sunansa infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ba a tambayarsa sai ya sha kashi. Mutanen ƙauyen nan kuwa ba su daɗe da binne mutanensu ba, har da mata, bayan an shigo musu da rana tsaka, kuma sun tabbata wani ne ya nuna hanya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Su ba su gudu ba, makamai suka ɗauka suna sintiri.

Timothy ɗan gidan Maman Albarka, makwabtanmu masu injin niƙa, shi ya kai shi a babur. Ya tsaya a gindin dutse yana gadin babur, Nura ya hau shi kaɗai. Ya samu sabis ɗin, amma ba ƙarfi, don haka ya kashe tasa muryar ya bar taka, yana jin ka kai ba ka jin sa. Ya toshe kunnuwansa biyu da abin sauraro, ya duƙufa. Shi ya sa bai ji tahowarsu ta cikin gero ba. Ya ce kun ci rabin ƙarfin dodon, yana tare maka duka da garkuwa, sai kawai ya ji gora a ƙeya. Ya kife a kan dutse, haƙorinsa na gaba ya fita. Kafin ya ɗago sun taka masa wuya, sun murɗe hannuwansa baya, wani ya sa adda ya datse wayar abin sauraron. Da aka fizge ta, sai muryarka ta fito fili a kan dutsen nan, kana ihu da Hausa tsantsa cewa ya zagaya ta baya, ya kashe na bakin ƙofa, kai za ka sa wa ginin wuta.

Yaya, ka sa kanka a matsayin mutanen da aka ƙona wa rumbuna. Ba wanda ya ƙara sauraren Nura. Ya yi ta cewa wasa ne, wasa ne, bakinsa cike da jini, su kuwa suna cewa ai kowane infoma haka yake faɗi. Suka jawo hannunsa na dama suka shimfiɗa shi a kan dutse, mutum biyu suka danne. Babbansu ya ce ya faɗi sunan mai maganar da dajin da yake. Nura ya ce yayansa ne, yana Ikko. Aka ɗaga gindin bindiga aka sauke a kan ƙaramin yatsansa. Aka sake tambaya, ya sake ba da amsa ɗaya, aka sauke a kan na kusa da shi. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya har babban yatsa, wanda suka fi daɗewa a kansa don sun ce da shi yake latsa waya. Wayar tana yashe a gefen fuskarsa, allon ya tsage amma bai mutu ba. Ya ce yana kallon jaruminsa ya tsaya cak a tsakiyar fili, garkuwa a ƙasa, dodanni sun yanyame shi suna yaga, kai kuma kana ta kiran sunansa. Kalmar ƙarshe da ya ji daga bakinka kafin sabis ya ɗauke ita ce matsoraci. Ka ce ya gudu ya bar ka.

Ihunsa ne ya kai wa Timothy. Da wani ne, da ya tada babur ya tsira da ransa, ba kuma mai ganin laifinsa. Yaron nan ya hau dutsen da gudu, ya tarar har an jawo Nura bakin gangare, wani ya zare wuƙa yana cewa kada a ɓata harsashi. Timothy ya faɗa a kansa ya rufe shi da jikinsa, yana rantsuwa da Allah cewa tare suka tashi, gida ɗaya suke cin tuwo. Sun sauke masa gora a baya har ta tsage, an sare shi a kafaɗa, bai ɗaga ba. Da ƙyar ya miƙa hannu ya jawo wayar ya ɗaga ta sama, ya ce su dubi allon da idonsu. Allah Ya sa a cikinsu akwai wani saurayi da ya taɓa zaman Gusau. Ya karɓa ya duba, ya ce wa babban nasu lallai wasa ne, shi ma ya taɓa bugawa. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Babban ya ce su kwashe shi su tafi, kuma in aka sake ganin ɗayansu a kan dutsen nan ba za a tsaya duba allo ba.

Timothy ya ɗaure shi a bayansa da rawanin wani tsoho, ya tuƙo da kafaɗa tana zubar jini har ƙofar gida. Ni na fara fita. Wallahi Yaya ban gane hannun ba, ya zama kamar an daka tumatir a turmi. Inna ba ta yi kuka ba, zama ta yi a ƙasa tana ta salati. Muka kai su asibiti a Gusau, aka ɗinke Timothy, aka cire wa Nura ƙaramin yatsa da na kusa da shi don ba abin da za a ceto. Sauran ukun muna kai shi wurin wani maɗori a Bungudu, ya ce biyu za su kama, babban yatsan kuwa sai abin da Allah Ya yi. Ina jin haushin mutanen nan har cikin ƙashina, ban kuma yafe ba tukuna. Amma in na tuna abin da aka yi musu, sai in rasa inda zan ajiye fushin. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun nan ya rufe su, ya rufe ka.

Na ɗauka abin ya ƙare a nan. Sai ga Lukuman ya dawo daga Ikko da sabon saƙonka, ya faɗa a tsakar gida da murya sama, shi ma bai san komai ba. Wai a gaya wa Nura ya daina raki, an yafe masa na farko, amma Asabar ta sama kada ya kuskura ya ba ka kunya. Nura yana kwance a ɗaki ya ji. Tun ranar da abin ya faru bai nemi wayar ba, amma a ranar ya ce in miƙo masa. Yanzu kullum yana jingine da bango, ya ɗora ta a gwiwa, yana koyon bugawa da hagu a filin gwajin da ba ya bukatar sabis. Ina ji dodanni suna kashe shi, yana sake farawa, suna kashe shi, gumi yana zuba, in ya manta ya motsa hannun dama sai ya cije leɓe. Na ce ya sauko mataki mai sauƙi mana, ya kalle ni kamar na zage shi. Ya je ya roƙi Timothy ya sake kai shi, Timothy ya ƙi, ya zo ya gaya mini. Nura ya ce to zai tafi da ƙafa ta cikin gonaki. Inna ta yi masa faɗa, ta ce wanga yaro so yake ya kashe ta da ranta. Ya ce mata shi ba zafin hannu ne yake hana shi barci ba, yana so ne Yaya ya san bai gudu ba.

To ka ji, Yaya. Bai gudu ba. An tambaye shi sunanka da gindin bindiga, yatsa bayan yatsa, bai canza magana ba, bai kuma ce ba ya tare da kai ba. Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma na san da ka sani da ka gwammace wayarka ta faɗa teku. Amma zan faɗa maka gaskiya ko za ka yi fushi. Tun rasuwar Baba kai ne ubansa, kuma rabonka da gida tun kafin a yi wa Rahama aure. Ka bar yaro yana neman yardarka a cikin wasa, kai kuma kullum kana ƙara masa wuya. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ka duba rabin naka.

Yau da safe Rahama ta raka shi Bungudu a sake ɗauri, ya bar wayar tana caji a ɗakina. Ka kwance ƙunshin daddawar da Inna ta aiko maka a hankali, tana tsakiya, na naɗe ta a ƙyallen atamfa. Na san in ya dawo zai tada gidan nan, wataƙila ya daina yi mini magana. Na yarda, gara ya ƙi ni yana raye. Ban goge allon ba, abin da za ka gani ya bushe a cikin tsagar nan jininsa ne, gani ya kori ji. Kada ka ba Lukuman ita ya dawo da ita, ba zan karɓa ba, kuma kada ka aiko da sabuwa. In kana so Nura ya sake riƙe ta, ka kawo masa da hannunka, ka zauna kusa da shi a tabarma, ka janye kalmar nan da bakin da ya faɗe ta. Zumunta a ƙafa take. In an maido da sabis kuma kuna son wasanku, kai za ka fara cewa a koma na 'yan yaye, don shi ba zai taɓa roƙa ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce tana sa maka albarka kuma tana duban hanya. Rahama da mijinta Abdulaziz suna gaisuwa. Maman Albarka ta ce a gaishe ka, in ka zo kuma gidansu za ka fara shiga ka duba kafaɗar Timothy kafin ka sha ruwa a namu. Ka gaishe mini da Anti Zulai da yara, da Kawu Salisu in kun haɗu. Nura bai ba da saƙon gaisuwa ba, don bai san na rubuto ba. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya tsare hanya.

Taka ƙanwa,
Huseina.