Mun Sallama Gidan Toranke, Mun Manta Goggo Na Ciki

Assalamu alaikum Anti Rukayya. Don girman Allah ki ba ni shawara, kuma ki sakaya sunana. Kwana uku ke nan ba ni da sukuni, a aji ma sai in tsaya da alli a hannu in rasa abin da nake cewa.

Ni malamar firamare ce a Kano, shekarata arba'in da shida, asalina 'yar Toranke ce ta ƙasar Ajingi. Mu uku mahaifinmu ya bari: ni ce babba, sai ƙanena Badaru mai tuƙin bas tsakanin Gaya da Kano, sai autarmu Surayya. Baffa, haka muke kiran mahaifin namu, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Inna kuwa tun wajen haihuwar Surayya Allah Ya karɓi abarsa. Wadda ta riƙe mu ita ce Goggo Baiwa, ƙanwar Baffa. Aurenta ya mutu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo gida ta goya jaririyar, ba ta sake aure ba. Da suyar ƙuli-ƙuli ta haɗa mini kayan ɗaki.

Gidan namu tsohon ginin ƙasa ne. Kakanmu ya kafa shi, Baffa ya ƙara zaure da ɗakuna biyu. Tun rasuwarsa Goggo kaɗai ke ciki da awakinta uku. Gara ta cinye azarar soron Baffa, daminar bara kuma katangar gabas ta zube. Kowace shekara sai mu ce za mu yi yaɓe, har ruwa ya sauka ba mu yi ba.

Bara mijin Surayya ya rasu ya bar ta da yara huɗu a gidan iyayensa a Gaya. Ba su kore ta ba, amma sun nuna mata cewa ɗakin da take ciki za a gyara wa ƙanen marigayin da zai yi aure bayan kaka. Da ta fita takaba muka zauna a gidan Badaru, muka yanke a sayar da gidan Toranke, ta sami inda za ta tsugunna kusa da makarantar yaranta. Anti, wallahi sunan Goggo ya fito a zaman nan. Badaru ya ce sai an sami mai saye a gaya mata, kada a tayar mata da hankali a banza. Na yarda, don ya yi mini sauƙi. Daga nan kowa ya ɗauka ɗan'uwansa zai faɗa mata.

Wata takwas gidan yana hannun dillali babu ko mai tayawa. A ƙauye kowa da gidan gadonsa, samari kuma ginin bulo suke so a bakin titi. Sai watan jiya wani mai fataucin gyaɗa daga Ajingi ya taya, ya ce shi fili yake saye, rushe ginin zai yi ya gina sito. Badaru ya kira ni, na ce Allah Ya sa albarka. Aka yi sallama a gaban shaidu, saura rubuta takarda.

Ranar Asabar na je kwaso littattafan Baffa. Na tarar da turken awaki babu komai, ta rabar da su. Kwanukanta a ɗaure cikin zani, gadonta a kwance, an jingine shi da bango. Ashe dillali ne ya shigo mata da mutumin nan tana tsakiyar suya, suka hau awo da igiya har cikin ɗakinta. Daga bakinsa ta ji. Maƙwabciyarmu Hanne ta ce sai da ta ɗebo musu ruwa suka sha, bayan sun fita ta sauke kaskon, har yau ba ta sake ɗora shi ba.

Da ta yi mini faɗa da na ji sanyi. Tarbata ta yi da fara'a, ta dama mini fura, ta ce halalinmu ne, Allah Ya sanya alheri. Abu ɗaya ta roƙa, wai a bar ta ta kai ranar Juma'a, tana son ta share ɗakin yayanta kafin a rushe. Na durƙusa ina kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Maigidana ya amince in taho da ita Kano, ta ƙi. Ta ce ba za ta je ta mutu inda babu wanda ya san sunan ubanta ba. Wai Hanne ta ba ta ɗakin da take ajiye harawa, ya ishe ta. Badaru ya ce magana ta riga ta fita a gaban manya, in aka fasa da wane ido zai kalli mutane, kuma wa zai sake tayawa? Surayya kuka kawai take, ta ce a fasa, ita ta haƙura, alhali na san ba ta da wajen zuwa. In na tsaya wa Goggo na zubar da marayu huɗu, in na yi shiru na tura matar da ta raine ni ɗakin harawa. Ina zan sa kaina?

Daga 'yar Toranke mazauniyar Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah Ya jiƙan iyayenku, Ya yaye miki wannan damuwa.

Bari in fara da abin da ba laifi ba. Sayar da gidan da ba ku iya gyarawa don marayu su sami matsuguni ba zunubi ba ne, kuma Badaru ba mugu ba ne don yana jin nauyin maganar da ya yi a gaban shaidu. Laifinku ɗaya ne, ke ma kin san shi: kun bar baƙo ya faɗa wa Goggo abin da ya kamata ta ji daga bakinku. Shi ne ya karya mata zuciya fiye da rabuwa da ginin.

Sai dai akwai wata magana a wasiƙarki da kika wuce ta da sauri. Kin ce kakanku ne ya kafa gidan. To, an taɓa raba gadon kakan naku? In ba a raba ba, mai yiwuwa Goggo ba zaman alfarma take ba, tana da nata kason a filin nan, ko da ba ta taɓa buɗe baki ta nema ba. Ban yanke hukunci ba, domin ban san tarihin gidanku ba. Amma kada kowa ya sa hannu a takarda sai kun zauna da malami masanin rabon gado, da dagaci da dattawan da suka san asalin wurin. Wannan kuma ya sauƙaƙa wa Badaru. Babu kunya ga mutum ya ce wa mai saye a dakata, akwai haƙƙin da za a tantance.

Ko ta tabbata tana da kaso ko ba ta da shi, ba dole ne a sayar da gidan dunƙule ba. Mutumin ya ce fili yake so. Ku nemi a yanke ɗakin Goggo da ɗan tsakar gida da makewayi, a fitar mata da ƙofa ta gefen Hanne, a sayar da sauran. Abin da za ku samu zai ragu, gaskiya ne, don haka ke da Badaru ku duba ko za ku sassauta wa Surayya daga naku kason. Duk abin da aka tsayar a rubuta shi a gaban shaidu. In mai sayen ya ƙi, ku ba shi haƙuri, ku je da wani babba wajen surukan Surayya a roƙa mata ƙarin lokaci.

Kada ku matsa wa Goggo da zancen Kano. Tsohuwa ta san inda ranta yake kwanciya.

Kafin duk wannan, ki koma Toranke a makon nan tare da ƙannenki, ba ta waya ba. Kada ku fara da bayani ko kare kai. Ku durƙusa ku ce kun yi kuskure, ku nemi gafararta. Sannan ku tambaye ta abin da take so, ku yi shiru har ta gama. Za ta ce ba komai, irinsu haka suke cewa. Ku sake tambaya. Shekara talatin da biyar tana yi muku hidima, ina jin ba a taɓa tambayarta ba.

Allah Ya sanyaya zuciyarta a kanku, Ya rufa wa Surayya da marayunta asiri, Ya ba ku ikon kyautata mata tun tana raye.