Ka Bar Min Rediyon Inna

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da ciwon ƙafa? Ni lafiya lau, in ban da yatsuna da dalmar liƙa waya ke ƙonawa, su ma sun saba.

Na gama haɗa lantarkin abin kiɗan nan na finafinan ban tsoro. Da maigidana ya gwada shi, tsigar jikin kowa ta tashi. Na tura wa Inna sautin, ka ce a'uzubillahi ta yi ta kife wayar.

Kai kuwa fanka kawai ka gyara mata, amma duk kiran da na yi albarka take sa maka, ni ina bi da amin. Ba komai.

Rediyonta da ya lalace dai kada ka taɓa. Ka bar min shi sai na dawo.

Yayanka