Gashin Mage a Safar Gola

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, in dai ana iya sanin lafiyar mai kashe waya. Ga takarda na ba direba ya kawo maka har ƙofa, sai in ga ta inda za ka kashe ta.

Ranar Asabar na kunna rediyo a shago ina ɗinki, ina jiran a ambaci golanmu, sai na ji wani yaro ne a raga. Na ce ko ciwon gwiwarka ne ya tashi. Can mai sharhi ya ce wai Koci ya ba ka hutu saboda magenka ta mutu. Auta, mage! Matar da nake gwada wa riga ta yi ta dariya har allura ta soke ta, ban kuma ba ta haƙuri ba. Tun ranar ake musu a rediyo. Wani ya bugo ya ce shi ma a ba shi hutu, kazarsa ba ta jin daɗi.

Dariyar ba ta dame ni kamar yaron nan ba. An ce ko ɗaya ba a zura masa ba. Shekara nawa ka yi kana ɗumama benci kafin ka samu ragar nan? Yanzu ka miƙa ta da hannunka.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa, ga shi. Da Baba ya rasu, washegari ka tsaya a raga, ana ta yabonka wai namijin duniya. Uba bai hana ka wasa ba, sai magenka Gimbiya? Ka ba ni amsa, kada ka bar ni da wannan a ciki.

Yayarka

*

Yaya, barka da aiki,

Na samu takardarki, na kuma gode, har da faɗan. A gaida maigidan da yara.

Kin tuna da aka kwashe shagon gyaran agogon Baba, ke kika ɗauki agogon bango, ni aka bar ni da Gimbiya don babu mai so. A shago, kan tsumman da Baba yake baza ƙananan kayan aiki take kwanciya. Da ta zo nan sai ta raina kwandon da na saya mata, ta zaɓi safar hannuna. Kullum in na dawo atisaye na wanke safar na shanya a taga, kafin ta bushe ta haye. Na yi korar, na yi ɓoyon, na gaji. Shi ya sa duk ranar wasa, kafin mu fita fili, nakan zauna a ɗakin canza kaya ina tsince gashinta, musamman wurin da ake mannewa a wuyan hannu, don in da gashi ba ya kamawa. Ina tsincewa ina zaginta. Kyaftin yakan ce, "Ku bar gola ya gama gaisawa da uwar ɗakinsa."

Likitan dabbobi ya ce tsufa ne, ƙodarta ta gaji. Juma'a da hantsi ta tafi. Ban gaya wa kowa ba, wa zan gaya wa? Asabar na shirya tsaf, na buɗe jaka na ciro safa, ga gashin nan fari a jiki. Yaya, hannuna ya ƙi. Na san in na tsince wannan, shi ke nan, babu wani. Sai kawai na ji ƙamshin man agogo, na ga Baba da gilashin nan nasa na duba agogo a ido ɗaya yana ce wa Gimbiya ta matsa. Kukan da ban yi ba wancan lokacin shi ya zo gaba ɗaya, a gaban kowa.

Koci ya zo ya tsaya a kaina. Kin san shi, mutumin da in ka makara sai ka zagaya fili har jiri ya ɗebe ka. Ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Magena ce, Koci." Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Ya dubi safar, ya dube ni, ya ce, "Mai da ita jaka yadda take. Je ka gida, sai Talata." Na ce, "Ragar fa?" Ya ce, "Golan da ba ya ganin gabansa, ni zai cuta."

Lahadi Kyaftin ya zo da 'yan baya. Suka ɗan zauna, sai suka gyara mini marfin tagar da ya daɗe yana lilo, suka tafi. Ba zan manta musu ba.

Ko ya dace a riƙa ba 'yan wasa irin wannan hutu, masu rediyo su yanke. Ni dai ba Gimbiya na fi so a kan Baba ba. Ita ce ragowarsa da ke numfashi a ɗakina. Raga kuwa, in ta tafi zan ji ciwo sosai, ba zan ɓoye miki ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Koci, tare da girmamawa,

Allah ya ja zamaninka, ya kuma ba ƙungiya nasara. Ni ce yayar golanka, tela ce, ban san komai a harkar ƙwallo ba sai ihu.

Ranar Asabar na ambace ka a shagona da maganganun da gara ba ka ji su ba. Yau godiya na zo yi. Na rufe shago na je wurin ƙanina, muka wuni muna hirar mahaifinmu, abin da ba mu taɓa zama mun yi ba. Mun yi kuka, mun yi dariya, ya ci abinci kamar wanda aka sako daga kurkuku. Tsohuwar safar na ɗinka mata 'yar jaka da gashinta da komai, shi kuma ya sayi sabuwa. Ni na goya yaron nan, amma kai ka ga abin da ban gani ba. Allah ya saka da alheri, ya raya maka zuriya.

Tunda dai na riga na ɗauki biro, bari in ƙarasa rashin kunyar. Ragar nan fa? Yaron da ya tsaya a madadin ƙanina, Allah ya yi masa albarka, amma ai yana da sauran shekaru a gaba.

Na gode ƙwarai,
Yayar gola

*

Malama,

Na ga saƙonki, amin, na gode.

Raga ba a ba da ita don roƙon yaya. Wanda ya fi kamawa a atisaye shi zai tsaya Asabar, yaron kuma ba da wasa ya zo ba. Hutun kuwa, ko gobe zan sake bayarwa, masu rediyo su yi ta yi.

Abu ɗaya zan gaya miki. Yau da safe ƙaninki ya daka wa 'yan baya tsawa har sai da na toshe kunne. Rabona da jin muryar nan tun rasuwar mahaifinku.

A huta lafiya,
Koci