Ranar da Babbar 'Ya Ta Yi Magana

Gumel,
9 ga Disamba, 1957.

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Zuliha. Amma ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Jiya Dogo direba ya tsaya a ƙofar gidana yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce ranar rufe makarantarku ka tara mutanen Maigatari, ka sa 'yan ajinka wasan kwaikwayo da tatsuniyoyin Iya. Wai an ɗaura wa wata yarinya zanen Iya, an ba ta sandarta, tana kwaikwayon tarinta, mutanen cikin tatsuniyar kuma suna yi mata gardama. Wai dodo ya zauna dirshan a ƙasa ya ce ya gaji, kullum shi ake farke wa ciki. Duk wannan da rana tsaka, lokacin da kowa ya san ba a tatsuniya.

Dogo ya ce washegari ya ga Iya da ƙunshin kayanta a motar Gagarawa, ya gaishe ta ba ta amsa ba.

Uwata ce, kuma a bayanta ka girma. Na bar ta a gidanka ne don ta ce can take so. Ni ma na yi makaranta har Kano, ban dawo na mai da tsohuwata abin dariyar 'yan kasuwa ba. Ilmin da bai koya wa mutum kunya ba bai koya masa komai ba. Idan da fushi ta bar gidanka, babu takardar shaidar da za ta kare ka daga fushin nan. Ka bi ta, ka durƙusa, ka dawo da ita. Kwana biyu ke nan abinci ya ƙi wuce mini.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Rakiyya.


Maigatari,
12 ga Disamba, 1957.

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Zuliha na gaishe ki. Don Allah ki ci abinci kafin ki ƙarasa karanta wannan.

Iya ba ta yi fushi ba. Inna, wasan nata ne. Ni na je ne ta ba ni tatsuniya ɗaya mu kwaikwaya yadda take, sai ta ce, “Kai ɗan boko, shekara hamsin ina faɗin abin nan, ni kaina na gaji da su. Rubuta abin da zan gaya maka.” Da hannunta ta ɗaura wa yarinyar zanen, ta kuma koya mata tarin. Da na yi zancen rana, cewa ta yi in mai tatsuniyar rana ɓata yake yi, ita dai ta san hanyar gidanta.

Maganar dodo tata ce. Ita ta sa sarki ya ce shi fa ya daina ba da rabin gari, don an yi ta rabawa har saura zaure. Ita ta sa tsohuwar bakin rafi ta tambaya ko babu wani aikin da za a ba ta sai roƙon a cuɗa mata baya. Iya na gaba kan tabarma, ta yi dariya har muryarta ta dushe, shi ya sa Dogo bai ji amsarta ba. Gagarawa kuwa, hedimastan can ne ya roƙi mu kai musu wasan ranar Asabar ta sama. Ta riga mu tafiya can, gidan Kawu Sajo, neman ƙatuwar ƙwarya, don wadda muka yi kan dodon namu da ita ta fashe.

Akwai wurin da Dogo bai gaya miki ba. Kin san a tatsuniyoyin Iya kullum babbar 'ya ce mai girman kai, ita ke samun akwatin macizai, auta ta sami na zinariya. A wasan, da aka zo nan, sai Hasanatu, yarinyar da ta fito a babbar 'ya, ta ɗaga hannu ta ce:

“Mai tatsuniya, dakata. Wa ya goyi autar nan? Wa ya yi daka, wa ya ɗebo ruwa shekarar da kike kwance? Ban tsaya cuɗa bayan tsohuwa ba don na bar tukunya a wuta da ƙanne huɗu a gida.”

Sai mai tatsuniya ta ce, “Gaskiyarki. Na sani tun tuni, bakina ne bai iya faɗa ba.” Aka ba babbar 'yar akwatin zinariya.

Mutane sun yi dariya, ban da matan da ke baya. Ranar da Iya ke faɗa mini wannan wurin, bango ta juya wa fuska, ta ce, “Rubuta, kada ka tambaye ni.” Ban tambaya ba. Na dai san ke ce 'yar farinta, kuma kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunanki ba, balle ta yabe ki a gaban mutane.

Ki gafarce ni da na bari kika ji a bakin wani.

Ɗanki mai biyayya,
Ishaƙ.


Gumel,
15 ga Disamba, 1957.

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta iso. Alhamdu lillahi. Na ci abinci.

Har yanzu ban yarda malami ya sa sarki abin dariya a gaban yara ba, ko da na tatsuniya ne. Za mu yi wannan maganar.

Ƙannen biyar ne, ba huɗu ba. Ɗaya bai rayu ba. Amma ka bar shi yadda ta faɗa.

Na ba Dogo ƙunshi ya kawo maka. Zanena ne na saƙi, na ranar suna. A ɗaura wa Hasanatu, kuma a ce mata ta ɗaga murya yadda na baya za su ji. Zan shigo motar Gagarawa ranar Asabar, in zauna cikin mata. Kada ka gaya wa Iya. In ta gan ni, ta gan ni.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Rakiyya.