A Sauko da Aji Shida Ƙasa

Zuwa ga Alhaji Umaru Bappa,
Shugaban Kwamitin Kula da Makarantar Firamare ta unguwarmu,
Kumbiya-Kumbiya, Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka, ya ƙara girma.

Sunana Hadizatu, mai ɗinki, wadda shagonta ke kallon ƙofar makaranta. A takarda dole in ce maka Alhaji, in ce maka Shugaba, amma ka san tun muna yara a unguwar Madaki Hamma Umaru nake ce maka, don tare da yayana kuka taso. Na je gidanka kan wannan magana ba sau ɗaya ba. Tunda aka fara raɗe-raɗin za ka nemi kansila, ƙofar ta cika da samari masu kiranka Honarabul tun kafin a buga fosta, kuma kullum amsarsu ɗaya ce, wai kana mitin. Shi ya sa na ce bari in rubuta a fili, a jarida, ko wani da ke iya shiga mitin ɗin zai karanta maka.

Na farko, ina so in tuna maka yadda ka hau wannan kujera, ba don gori ba, sai don ka san mai magana ba 'yar adawa ba ce. Zaɓen kwamitinmu ƙato bayan ƙato ake yi, a ƙarƙashin dogonyaron tsakar makaranta. Karon farko da ka tsaya, ina kallo daga shago. Layinka abin tausayi ne, Hamma. Har da mai rake a ciki, wanda ba shi da ɗa a makarantar, inuwa kawai ya zo sha. Ka faɗi, ka je ka gaisa da wanda ya ci, ka hau babur ɗinka ka tafi ba tare da ka zagi kowa ba. A ranar na ce a raina wannan mutumin ya cancanci a sake gwada shi.

Da zaɓe ya zagayo, ni na bi gida gida. Duk matar da ta kawo mini ɗinki sai ta sha wa'azi kafin ta karɓi kayanta. Na ce musu mu ke wanke yaran nan, mu ke sanin ranar da suka dawo da ƙishirwa, me zai sa mu bar maza su kaɗai su yi layi? Ranar zaɓe mata suka fito da hijabansu da goyonsu, layinka ya zagaye bishiyar ya miƙe har bakin katanga. Wanda ya yi takara da kai aminin surukina ne, kuma a gaban idon surukin nawa na tsaya bayanka. Na sha fushi a gida kan wannan, amma ban yi da-na-sani ba. Karo na gaba ma haka muka yi maka.

Na biyu, ba zan ci hakkinka ba. Ka yi aiki. Famfon da ya shekara da shekaru yana tsatsa, a zamaninka ya kawo ruwa. Ajin da rufinsa ya yaye da iskar farkon damina, kai ka bi masu hali na unguwa har aka rufe shi. Benen nan kuma, da kowa ke alfahari da shi, sawunka ne ya kawo shi, don mun ga yadda ka yi ta sintiri a ofisoshi har takalminka ya sha ƙura. Ranar da aka buɗe shi na yi guɗa da bakina. Ban san cewa benen da nake wa guɗa shi ne zai zame mini abin kuka ba.

Na uku, ga matsalar. Da aka gama benen, kwamitinku ya yanke cewa ƙananan yara su zauna a ƙasa don kada su faɗo, manya kuma su hau sama. Shawara ce mai kyau ga kowane yaro mai ƙafa biyu lafiyayyu. Amma a aji shida akwai yarinyar da cutar shan inna ta taɓa wa ƙafar hagu tun tana goye, da sanduna take tafiya. Tun aji ɗaya ba ta taɓa gajiya da makaranta ba. Da damina, in ruwa ya cika lungu, sai ta ɗaure jakarta a wuya ta ratsa. Yanzu kuwa kullum da safe sai ta miƙa wa ƙawarta sandunan, ta dafa matakala da hannuwa ta ja jiki zuwa sama, yara na tsallake ta, wasu na tsayawa kallo. Ba ƙaramar yarinya ba ce kuma, ta fara sanin kunyar jikinta. Siket ɗin da nake ɗinka mata a gwiwa yake fara mutuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gano ta daina shan ruwa da safe. Ko kunu na ba ta sai ta ture. Da na matsa mata sai ta ce, “Dada, in na sha zan ji fitsari, kuma bayi yana ƙasa.” Hamma, ka san zafin Gombe a watannin bazara. Yarinya ta wuni a saman bene ba ruwa a cikinta, alhali famfon da ka gyara yana zuba a ƙasa. A ƙarshen zangon da ya wuce ta ce mini ita ta gama skul, in koya mata ɗinki kawai. Yarinyar da malamin lissafi ke cewa ita ke gyara wa 'yan aji kuskure, kuma a bana za ta zauna jarrabawar shiga sakandare. Idan aka dawo daga hutu ajin yana sama, na san ba za ta koma ba, kuma ba ni da zuciyar tilasta mata.

Na je wajen shugabar makaranta. Mace ce mai kirki, har idonta ya kawo ruwa, amma ta ce rabon azuzuwa hukuncin kwamiti ne, ba ta da ikon taɓa shi. Ta ce in kai maganar taron iyaye.

Na huɗu, taron. Ina fata kana tuna shi, wanda aka yi bayan ƙaramar Sallah. Na miƙe a cikin mata na ce akwai wata yarinya mai sanduna da ke shan wahalar hawa bene. Ka ce, “Subhanallahi, 'yar wa ce?” Na sunkuyar da kai na ce ta nan unguwa ce. Matan da ke kusa da ni suka rufe baki da hijabi, don duk sun san ko 'yar wa ce. Kai kuwa ka duba agogo, ka ce a gaya wa iyayenta su zo da kansu su same ka, sannan aka wuce zancen fenti.

Hamma Umaru, wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Da baƙo ne ya faɗi haka da ban ji komai ba. Amma kai Bafulatanin Gombe ne, gida irin namu ka fito. Ka san uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta tsayawa a gaban mutane ta ce tawa ce. Kai kanka, babban ɗanka ya yi aure har ya haihu, amma har gobe “wancan yaron” kake ce masa. Idan mace irina ta miƙe a taron maza ta ce wata yarinya, ta kasa ɗaga ido, ai ta gama faɗa maka komai. A gidajenmu kaka ce ko goggo ke yi wa ɗan fari magana. Kakarta ce ta kai ta makaranta ranar farko, ita ce ke zuwa duk wani taro a kanta, ita ce da tana nan da ta tsare ka a bakin masallaci har sai ka amsa. Allah ya yi mata rasuwa bara. Mahaifin yarinyar kuma, in ba ya kasuwar shanu yana kan hanyar kudu, kuma ko yana gari ya fi ni kunyar, ko sunanta aka kira a gabansa sai ya tashi. To wa ya rage?

Ba na cewa ka yi don mugunta. Na fi zaton hankalinka ya riga ya tafi wajen kujerar kansila, kunnenka kuma ya saba da masu magana da ƙarfi. Ina maka fatan kujerar, wallahi. Amma mazaɓar kansila cike take da mutane irina, masu faɗin rabin magana su bar maka rabi. Idan ba ka ji mu a tsakar makaranta ba, a sakatariya ba za ka ji mu ba.

Na biyar, abin da nake roƙo. Ba kuɗi ba ne, ba gini ba ne. A ƙasan benen akwai ɗaki na ƙarshe, kusa da famfo, wanda aka tara karyayyun bencina a gefe guda, aka ajiye tebur da kujerun roba a ɗaya gefen. Nan kwamitinku ke zama, sau ɗaya a zango in an yi sa'a. Ina roƙon ku sauko da aji shida cikin wannan ɗaki kafin a dawo daga hutu, ku kuma ku hau sama da mitin ɗinku. Na san cikinku akwai masu ciwon gwiwa, amma hawa ɗaya a zango ba zai kashe kowa ba, kuma wataƙila ya yi wa wasu tumbi amfani. Shara da wanki ba sai kun nemi kowa ba. Matan da suka yi maka layi sun ce in dai ka ba da mabuɗi, da tsintsiyarsu za su zo. Malam Ishaya kafinta, wanda 'yarsa ce ke riƙe mata sanduna a kan matakala, ya ce zai gyara bencinan a kyauta.

Ina kuma roƙon ku mayar da shi ƙa'ida, cewa duk ajin da ke da yaron da ba ya iya hawa, a ƙasa zai zauna. A aji uku ma akwai wani yaro mai keken guragu, kuma shi ma girma yake yi.

Zaɓen kwamiti na tafe bayan hutu, na kuma ji za ka sake tsayawa kafin na kansila ya zo. Ba barazana nake maka ba. Ina so in sake tsayawa bayanka da zuciya ɗaya, in kuma iya kallon matan da na jawo in ce musu ban yaudare su ba. Mutumin da ya faɗi zaɓe ya je ya gaisa da wanda ya kayar da shi, ban yi zaton zai ji nauyin gyara kuskure ɗaya ba. Shi ya sa na riga na yanka wa yarinyar sabon siket, na kuma gaya mata kada ta ba da littattafanta tukuna.

Ka ce iyayenta su zo da kansu. To ga ni na zo, Hamma. A gida Addarsu nake ce mata, kamar yadda ƙannenta ke kiranta, kuma tunda aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba. Goggonnina na Barunde za su ce Hadizatu ta zubar da kunya a jarida, su faɗa, na ɗauka. Yarinyar nan 'yata ce, ita ce ta fari, ni na haife ta, kuma ina alfahari da ita. Sunanta Rukayya.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya shirya maka zuriya, ya raba ka da masu zuga. Idan kujerar da kake nema alheri ce gare ka da mu, Allah ya ba ka ita, ya kuma sa ka gama da wannan lafiya. Ina jiran mabuɗi.

Wassalam.

Taka ƙanwa,
Hadizatu mai ɗinki,
Maman Rukayya.