Fulogi na Takwas

Cowra, 9 ga Fabrairu, 1986

Clive nawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma ƙurar ma'adinan da kuke haƙa ba ta gama cika maka huhu ba. Yaya zafi, yaya aiki, yaya gwiwar nan taka? Katinka ya iso ranar Talata. Layi biyar ne, uku a kan abincin da ake ba ku. Mu nan lafiya lau, ni da kare.

Na san labarin motarka kake jira. Kamar yadda ka umarta, ina fita da ita duk Juma'a zuwa makaranta don kada batir ya mutu, ɗalibai kuma suna yi min kallon da ba su taɓa yi wa darasin tarihi ba. Mako uku da suka wuce abokinka Merv Tuckwell ya tare ni a gidan mai. Ya zagaya motar, ya durƙusa wajen tayar gaba ta dama, ya daɗe. Da ya miƙe sai ya ce gara a yi mata duban shekara da wuri, kafin mutane su cika masa gareji. Ban gama cewa to ba ya karɓi makulli, ya kai ni gida a motarsa ta ɗaukar kaya. Tun ranar ban sake jin ƙararta ba.

Ka san ra'ayina game da injin nan tun ranar da ku shida kuka zura shi da sarƙa, kuna ashar, kuna kiran abin fasaha. Injin mai silinda takwas a cikin bodin da aka ƙera don rabinsa. Ko wannan takardar ba za ta wuce tsakaninsa da bango ba. Saboda haka da Merv ya ce fulogi na takwas ne ya tsare shi, na yarda. Wai ba a kai gare shi sai an cire bututun salansa, bututun ba ya fita sai an kwance ƙafar injin, ƙafar kuma ba ta kwantuwa sai an ɗaga injin da jak. A mako na biyu ya nuna min bayan hannunsa duk ƙwarzane, kamar wanda ya yi wa kyanwa wanka. A mako na uku wai yana jiran wata lanƙwasasshiyar sifana daga Sydney.

Shekara goma sha takwas ina koyarwa, Clive. Na san fuskar wanda bai yi aikin gida ba, ko da shekarunsa hamsin da biyar.

Ka tuna ranar da muka gasa nama a bayan gida, Merv ya ce da za ka sayar masa da motar da ya ba ka ƙodarsa ta hagu? Kowa ya yi dariya. Ni na lura shi bai yi ba. Lasin motar zai ƙare ƙarshen Maris. In bai sa hannu a takardar lafiyarta ba kafin nan, ta bar hanya, kuma motar da aka canza wa injin in ta bar hanya ba ta komawa sai injiniya ya bincike ta sama da ƙasa. A lokacin wa za ta yi wa amfani, in ba mai gareji ba?

Rubuto ka gaya min abin da kake so in yi. Ka sha ruwa da yawa, ina nufin ruwa.

Taka,
Lorraine

Cowra, 2 ga Maris, 1986

Clive,

Ina gaishe ka, ina fata jiki da ƙarfi. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Amsarka ta zo, kuma na karanta duk abin da ka ce game da motar, wato: a bar wa Merv, ya san aikinsa. Mutumin da ya taɓa tashina daga wanka don in ji yadda injin ke numfashi, yau kalma bakwai ce kawai a bakinsa. Na ɗauka gajiya ce.

Ban bar wa Merv ba. Ranar Asabar ta wancan makon na shiga garejin, ya fita gwajin wata mota. Taka tana can ƙurya, bayan bas ɗin makarantarmu. Na rubuta kwanan wata da yatsa a kan ƙurar bonet. Jiya na koma, rubutuna yana nan daram. Ba a buɗe bonet ɗin nan ba, ƙwarzanen hannunsa kuma motar wani ce ta yi masa.

Na tambaye shi kai tsaye, zai sa hannu ko ba zai sa ba. Ya goge hannu da tsumma har tsumman ya gaji.

"Ba yanzu ba, Malama," in ji shi.

Na ce me ya hana. Ya ce akwai abin da yake dubawa. Na ce da bonet a rufe? Ya ce, "Ke dai da kin zama 'yar sanda da gari ya zauna lafiya." Sai ya ce in ɗauki motar matarsa Beryl in ina son abin hawa ranar Juma'a. Ina juyawa zan fita ya ƙara da cewa, in har Clive ya taɓa tunanin rabuwa da ita, shi zai karɓa, ya ajiye ta a nan cikin inuwa. Da ma wannan nake jira in ji.

Yanzu ga abin da na yi, gara ka ji daga gare ni. Ranar Laraba kwamitin makaranta ya zauna, aka zo kan sabunta aikin bas biyun da Merv ke gyara mana shekara goma sha huɗu. Shugabanmu Mista Hanrahan ya ce ko akwai mai magana, yana riga yana ɗaga biro. Na ce ni dai ban san yadda yake yi da bas ba, amma mako shida yana riƙe da motar mijina yana ba ni labarin aikin da bai yi ba, kuma motocin nan 'ya'yan mutane suke ɗauka. Ban ɗaga murya ba. An mayar da aikin wani gareji a garin Young.

Na san bas ɗin nan su ne rabin abincin gidansa. Beryl ta wuce ni a kantin kayan miya kamar ni ce tarin dankali. Ban ji daɗi ba, amma ban ga ƙarya a abin da na faɗa ba. Abokanku na ƙungiyar motoci kuwa, duk wanda na haɗu da shi sai ya tuna yana da sauri. Wannan ne ban gane ba tukuna.

Na yi magana da mai motar ja, zai zo ranar sha biyar ya kwashe ta zuwa wani makanike a garin Orange wanda bai san kowa a cikinku ba. In kana da abin cewa, kana da mako biyu.

Ka kula da kanka.
Lorraine

Cowra, 16 ga Maris, 1986

Clive,

Ina fata kana lafiya. Ni lafiyata ƙalau, kuma za ka ga dalilin da ya sa na fara da wannan.

Mako biyu ba ka ce komai ba. Jiya da safe na je garejin minti ashirin kafin mai motar ja. Na tarar Merv ya ɗaga motar sama, ya cire tayar gaba ta dama. Ya ce shi ba zai bari baƙo ya ga motar abokinsa haka ba, kuma shi bai gaya min komai ba, ba kuma zai gaya min ba.

"Zan je in sha shayi," in ji shi. "Ga tocila nan, ga sukurdireba. Hannunki ya fi nawa siranta. Ki laluba sama, bayan bututu, inda kwaltar da aka shafa wa ƙarfen ta fi sabunta."

Na naɗe hannun riga. Yanzu na san abin da kuke nufi, wajen ba a yi shi don ɗan Adam ba. Sai da na karkata kafaɗa, na manna kunci da ƙarfe, na bar fatar yatsu biyu a jikin bututun, sannan na taɓa wani faifai mai sukurori huɗu. Na yi minti goma ina kwance su kaɗan-kaɗan, don sukurdireba ba ta samun wurin juyawa. Faifan ya faɗo min a ƙirji. Waje baƙin fenti ne da kwalta. Ciki kuwa hoton wani mutumin Scotland ne yana busa, da rabin sunan biskit. Murfin gwangwanin da mahaifiyata ta kawo mana Kirsimetin da ya wuce ne, wanda ka taya ni nema har cikin shara.

Bayan murfin akwai rami, daidai shigar hannunka. Na haska, ga fulogi na takwas yana kallona, kusa kamar in gaishe shi. Na gane dabarar, har na kusa yaba maka. Ka gaji da ɗaga injin duk lokacin da za ka canza fulogi ɗaya, sai ka buɗe masa taga. Amma tagar ta ci cikin ƙarfen shasi, kuma daga kusurwarta tsaga ta tashi, ta yi tsawon tafin hannuna, ta nufi notukan da ke riƙe da akwatin sitiyari. Saura kamar faɗin yatsa.

Na sallami mai motar ja. Merv ya dawo da kofi biyu. Na tambaye shi abu ɗaya: da tsagar ta kai fa? Ya ce sitiyari zai juya a hannuna, tayoyi kuma su tafi inda suka ga dama. Na tuna kwanar nan ta kan gada da nake sha duk Juma'a. Ya ce a gidan mai ya ga tayar ta ɗan kwanta, shi ya sa ya karɓi makulli. Ba zai sa hannu ba don motar ba ta da lafiya, ba zai rubuta dalili ba don rubutun zai kai ka gaban hukuma, ba zai yi walda ba sai an fitar da injin gaba ɗaya, injin kuma ba ya taɓuwa sai mai shi ya ce. Na ce to me ya hana ka gaya min, har na raba ka da bas? Ya dube ni kamar na ce ya ci karensa. "Clive abokina ne, Malama."

Don haka su ma 'yan ƙungiyarku suke gudu. Nawa ne cikinsu suka riƙe maka tocila?

Gobe zan rubuta wa kwamiti in janye maganata, da sa hannuna. Wannan nawa ne. Naka kuma tambaya ce guda, ina son amsarta a rubuce: ramin na san ka sani, tsagar fa? Ka san da ita lokacin da ka ce in riƙa fita da motar?

Lorraine

Cowra, 30 ga Maris, 1986

Clive,

Barka da Ista. Ina fata an ba ku hutu, an kuma ba ku naman da ke taunuwa.

Wasiƙarka ta zo, shafi uku, mafi tsawo tun muna saurayi da budurwa. Na koyi abubuwa da yawa. Na koyi cewa kowa yana yanka irin wannan ramin, cewa laifin masu ƙera bodi ne da ba su bar wuri ba, cewa mai hannu irin naka ba shi da wata hanya. Na karanta sau biyu da jan biro a hannu, kamar jarrabawa. Ba ka amsa tambayar ba.

Ba komai, an amsa maka. Na kai wa kwamiti takardata, na karanta ta a tsaye, Mista Hanrahan yana nazarin silin. Bas ɗaya ya dawo wa Merv. Ɗayan an riga an ƙulla da mutanen Young har ƙarshen shekara, ba ya kwantuwa. Daga nan na wuce gidansu in ba Beryl haƙuri. Ita ba ta cikin ƙungiyarku, ba ta yi wa kowa rantsuwa ba. Ta ce ana gobe za ka tafi ka buga waya da dare, ita ta ɗauka ta miƙa wa Merv, kuma muryarka ba ƙarama ba ce, ta ji komai. Ka ce masa wajen nan ya fara ɗan buɗewa, in ya samu lokaci ya leƙa, kada Lorraine ta ji, za ta yi ta magana. Ya tambaye ka ko ana hawanta. Ka ce a'a, tana rufe a gida. Ni kuma da safe ka miƙa min makulli saboda batir.

Na yi kwanaki ina juya wannan. Ban ɗauka ka so mutuwata ba, kada ka ɗaga hankalinka. Na fi zaton ka ce wa kanka tsagar ƙarama ce, za ta jira ka, kamar yadda komai ke jiranka. Ka auna surutuna da wuyana, ka ga surutun ya fi nauyi. Sannan ka karanta wasiƙata ta biyu, ka ga abin da na yi wa mutumin da ke rufa maka asiri, ka yi shiru mako biyu. Wata biyu ina bin Merv da ido, ashe wanda ya kamata in bincika yana aiko min da kati a kan miyar wake.

Ban sabunta lasin ba. Na cire lambobin motar da hannuna na mayar ofishin lasin, sukurorinsu suna wurin da mutum zai iya kaiwa. Motar tana garejin Merv. Ya ce in ka zo za ku fitar da injin tare, don har yanzu yana cewa "tare", ban san da me aka yi shi ba.

Ka ce jirgin ƙasan da za ka shigo zai iso ranar goma ga watan gobe, in zo tasha. Ba zan zo ba. Ka ɗauki jakarka ka taka zuwa gidan Tuckwell, ba garejin ba, gidan. Merv zai ce ba komai, don haka ba shi za ka nema ba. Beryl za ka nema, ka gaya mata da bakinka yadda aka yi bas ɗin ya tafi. Ni na riga na yi nawa, a tsaye a bakin ƙofarta, ba ta ce in zauna ba. In ta sallame ka, ka zo gida, za mu yi maganar da ka ji tsoro.

Ka gaishe da abokan aikinka.

Matarka, zuwa yanzu,
Lorraine