Agogon da Akwatin Baba Ba Zai Haɗiye Ba

Gwaggo, ki taimake ni da shawara, kuma don Allah ki hanzarta, ƙafata har ƙaiƙayi take yi in je in ɗauko abin nan kafin Yayata ta riga ni da nata tsarin.

Ni ɗan kasuwa ne, takalma nake sayarwa, irin waɗanda muke cewa an ɗan taka su kaɗan. Na yi boko daidai gwargwado, amma ainihin karatuna a bakin rumfa na yi shi. In mutum ya tsaya a gabana, ƙafarsa kawai zan kalla in san lambarsa da nauyin aljihunsa. Mutum ɗaya ne a duniya ya gagare ni ciniki, shi ne mahaifina.

Baba tsohon direban doguwar bas ne. A zamaninsa in ya ce mota za ta tashi, ko kai ne mai motar sai dai ka biyo ta a guje. Yana da wani agogo da ake wanawa kowace safiya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Bara aka yi masa aiki a gwiwa. Aiki ya yi kyau, likita ya ce magani ɗaya ya rage, ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba gwiwar za ta ƙage. Aka haɗo shi da sanda. To, a nan ake yin ta. Baba ya ce shi ba zai fita da ƙafa uku ba, mutanen da suka san shi a kan sitiyari su riƙa yi masa sannu. Ana cikin haka agogon ya tsaya, mai gyara ya ce ya gama aikinsa a duniya. Tun daga ranar Baba ya saki labule. Yana kwance zai tambayi Mama ƙarfe nawa, in ta faɗa ya ce to, ya juya wa bango. Gwiwar kuwa ta fara ƙin lanƙwasuwa, salla ma a kan kujera yake yi yanzu.

Sai ga shi shekaranjiya Allah ya kawo mafita har rumfata! Maƙwabcina mai gyaran agogo ne, Ido Ɗaya muke ce masa saboda gilashin nan da yake maƙalawa a ido. Ya nuna mini wani agogo wai haske ne abincinsa. Ba wanawa, ba yawon canjin batir, ba jona shi a wuta. Ya ga rana ya ƙoshi. Gwaggo, saura kaɗan in taka rawa a tsakiyar kasuwa, har na bar mai saye tsaye da takalmi wari ɗaya a ƙafa.

Bari ki ji dalilin murnar. Baba yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, mun sa masa suna Shiga-ba-fita. Duk abin kirkin da ka ba shi, zai yi godiya, ya sa albarka har ka ji ƙwalla, sannan ya naɗe shi a tsumma ya tura ciki, wai sai ranar fita. Takalmin da na zaɓo masa da hannuna yana ciki. Wayar da Yaya ta saya tana ciki, ko ledarta ba a ɓare ba. Ranar fitar nan har yau ba mu gan ta ba. To ga kyautar da duhu ba ya karɓarta!

Shirina shi ne in gaya masa agogon nan kamar akuya yake, kullum sai an kai shi kiwo. Sai ya sha hantsi a waje, a hannun mutum, mutumin kuma yana tafiya, in ya kwana ɗaya bai fita ba ya mutu murus. Baba ba ya iya zuba ido inji ya lalace a hannunsa, na san dole ya ɗau sandar nan. Ido Ɗaya dai ya ce in agogon ya ƙoshi yana iya watanni a duhu bai tsaya ba. Na ce ya haɗiye wannan maganar da ruwa.

Matsalar ita ce Yaya. Ma'aikaciyar jinya ce, komai sai ta auna. Ta ce wannan yaudara ce, wai kasuwa ta cinye mini kunya har uba zan yi wa tallan ƙarya. Ita tana so ta sayo masa agogon zamani mai ƙirga taku, yana aika mata rahoto a waya. Na ce in nawa maƙaryaci ne, nata ɗan leƙen asiri ne. Tun jiya ba ta ɗaga wayata.

Sannan agogon kala biyu ne a wurin Ido Ɗaya. Akwai mai ruwan zinariya da ƙananan da'irori a fuska, yana walƙiya kamar motar amarya. Akwai wani kuma fari fat da baƙaƙen lambobi, ba kwalliya, kamar na bangon asibiti. Raina yana kan mai walƙiyar, don sana'a ta koya mini ido ke fara saye kafin aljihu. Wanne zan ɗauka? Kuma ƙaryar da za ta miƙar da gwiwar uba, ita ma ƙarya ce?

Naki,
Autan Direba

Amsar Gwaggo

Autan Direba, sannu da ƙoƙari. Wasiƙarka ta ba ni dariya, ta kuma sa na ji ina ma kowane tsoho yana da ɗan da zai bar mai saye da takalmi wari ɗaya saboda shi. Agogon da ka gano zaɓi ne mai kyau. Tallan da ka shirya masa ne ba zai karɓu ba.

Ka ajiye zancen halal da haram tukuna, mu yi maganar kasuwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ciniki da makanikai, kana jin zai karɓi bayanin inji bai gwada ba? Zai sa maka albarka, ya tura agogon cikin akwati, bayan mako ya buɗe ya tarar yana tafiya abinsa. Daga ranar ka yi asarar agogo, ka yi asarar maganarka, gwiwa kuma tana nan inda take. A nan Yayarka ta fi ka gaskiya. Amma kai ma ka fi ta a wani wuri: mutumin da kunyar idon jama'a ta zaunar, ba a ɗaura masa mai kai rahoto. Ga shi agogon nata sai caji kusan kullum, wanda Mama ce zai zame wa aiki. Ka kira Yayarka ka ba ta haƙuri, ka ce ta riƙe ɓangaren likita, kai ka riƙe na agogo.

Farin za ka ɗauka. Mai walƙiyar nan da ƙafarsa zai shiga Shiga-ba-fita, don kama yake da kayan ranar fita. Farin kuwa kama yake da kayan aiki, direba kuma ba ya ɓoye sifanar kwance noti. Ka duba lambobin su fito ɓaro-ɓaro yadda idon dattijo zai karanta ba tabarau. Ya zama marar nauyi, maɗaurinsa mai laushi da zai iya ɗaurawa da kansa, kuma wanda ruwan alwala ba ya shigarsa. Ka bar kwalin a wurin Ido Ɗaya. Kada ka miƙa shi a naɗe, ka durƙusa ka ɗaura masa da hannunka.

Sai ka faɗa masa gaskiya, ita ma ta isa: haske yake ci, akwati zai kashe shi a hankali, hannun riga in ya rufe shi kullum yana hana shi ƙoshi, kuma in yunwa ta kama shi, a yawancin irinsa hannun daƙiƙa yakan fara tsalle bibbiyu. Baba zai so wannan bayanin, yaren inji ne.

Amma ka lura da abu ɗaya a wasiƙarka. In Mama ta faɗa masa lokaci, to kawai yake cewa, don ba wanda ke jiransa. Direba ba don kansa yake duba agogo ba, don fasinja yake dubawa. To ka zama fasinjan. Ka roƙe shi ya riƙe maka lokacin fita kasuwa, tunda na tabbata ba kullum kake buɗe rumfa a kan kari ba. Ka biyo ta gida da sassafe kafin titi ya cika da masu sannu, ka ce ya taka maka. Yau bakin ƙofa, gobe kan kwana, wata rana har inda kake hawa mota. Ba ranar farko zai yarda ba, kada ka fasa zuwa. Ciniki ai ba a tayin farko yake faɗawa ba.

Sharaɗin dai, ka shirya shan faɗa. Ranar da ka makara ka hango shi tsaye a ƙofar gida, ya dogara sanda yana ƙwanƙwasa gilashin agogo da yatsa, ka sunkuyar da kai ka sha faɗan nan har ƙarshe, kada ka kare kanka. Cinikin da ya gagare ka ne ya faɗa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya miƙar da gwiwa, ya kawo ranar da za a fito da takalmin nan daga akwati. Ka gaishe mini da Mama da Yaya.

Gwaggo